DAJIN ƘASASHEN SANYI DA DAJIN ƘASAR YAWURI

Takardar da malamin hakimi ya ke rubutu a kanta daga itace a ke yin ta. Ana niƙa itacen har ya koma kamar kunu, sa'an nan a shimfiɗa shi, a matse, a busar. Wani babban kashi na itacen da duniya ta ke wannan aiki da shi, da na katakon gini, daga daji guda ya ke fitowa, can arewacin duniya inda sanyi ya ke da tsanani. An shirya wannan ɗan littafi don hakimai da malamansu na Yawuri da Ngaski da Shanga su san halin wancan daji. Dalili kuwa shi ne, idan aka jera shi da dajin da ke gaɓar Tafkin Kainji, sai a fi gane abin da ke rayar da na gida, da abin da ke kashe shi.

Inda dajin ya ke

Dajin ya zagaye saman duniya kamar rawani. Ya taso daga Norwe da Suwidin da Finlan, ya ratsa ƙasar Rasha gaba ɗaya har bakin teku ta gabas, sa'an nan ya ci gaba a Alaska da Kanada. Rashawa suna kiransa taiga, da wannan suna kuma aka san shi ko'ina. Girmansa ya fi na Nijeriya sau goma, an kuma ƙiyasta kusan sulusin dajin duniya duka a can ya ke.

Duk da girman nan irin itatuwansa kaɗan ne. Mutumin da ya tashi daga Yelwa zuwa Bin Yawuri zai ƙirga ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka da marke da giginya tun bai yi nisa ba. A can kuwa sai a yi tafiyar kwanaki ba a ga abin da ya wuce iri huɗu ko biyar ba. Manyansu su ne fain, da sufurus, da fir, da lac. Dukansu dogaye ne, miƙaƙƙu kamar mashi. Ganyensu siriri ne kamar allura, 'ya'yansu kuma suna ɓoye cikin wani ƙwanso mai ɓawo-ɓawo, kamar 'yar ƙaramar abarba busasshiya.

Yanayin ƙasar

A ma'aunin zafi ruwa yana daskarewa a digiri 0, yana tafasa a digiri 100. Zafin Yelwa cikin watan Maris da Afrilu yakan kusa digiri 40. A tsakiyar Saberiya, watau gabashin Rasha, sanyin watan Janairu yakan kai digiri 40 ƙasa da sifiri, a garin Barkoyansk ma an auna kusan 68 ƙasa da sifiri a shekarar 1892. Sanyin yakan ɗauki wata shida zuwa takwas, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, koguna su daskare har mota ta bi ta kansu. Lokacin da tsiro ya ke iya girma bai wuce wata uku ko huɗu ba.

Tsawon yini ma dabam ne. A Yawuri yini da dare kusan daidai su ke duk shekara, bambancin bai fi sa'a ɗaya da 'yan mintoci ba. A birnin Helsinki na Finlan yini yakan kai kusan sa'a 19 cikin watan Yuni, ya koma ƙasa da sa'a 6 cikin Disamba. Malaman Musulunci sun daɗe da sanin wannan. Ahmad ɗan Fadlan, wanda Halifan Bagadaza ya aika ƙasar Bulgar ta bakin Kogin Bolga, ya isa can a shekarar 922, ya kuma ba da labarin gajartar darensu da yadda ta shafi lokutan salla.

Abin da zai fi ba manomi mamaki shi ne ruwan sama. Yelwa takan sami wajen inci 40 a shekara, watau milimita 1,000, daga ƙarshen Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba. Birnin Yakutsk, da ke tsakiyar dajin Saberiya, ba ya samun inci 10 cikakke. Wannan bai kai rabin na Sakkwato ba. Da a ƙasar Hausa ne aka sami wuri mai ƙarancin ruwa haka, da ƙaya da rairayi za a tarar. Can kuwa daji ne ya rufe ƙasa. Dalilin shi ne rana ba ta da ƙarfin shanye ruwan, ƙarƙashin ƙasa kuma a daskare ya ke shekara da shekaru, ya tare ruwan kamar dutse, bai bar shi ya nutse ba. A Kainji akasin haka a ke gani: ruwan da rana da iskar hunturu su ke ɗauka daga fuskar tafkin a shekara ya fi ruwan saman da ke sauka a kansa. Ashe ba yawan ruwan da ya sauka kaɗai a ke dubawa ba, sai da yawan wanda ya zauna.

Yadda itatuwa su ke jure wa ƙishirwa

Kowane daji yana da watannin wahalarsa. Wahalar dajin Yawuri rani ne, wahalar wancan sanyi ne, amma a wajen itace abu guda ne, ƙishirwa. Ruwan da ya daskare saiwa ba ta iya shansa, kamar dai babu shi.

Itace ta ganye ya ke asarar ruwa. Itatuwan ƙasar nan da yawa, irin su kuka da marke da madobiya, sukan zubar da ganye idan rani ya shigo, su zauna tsirara har bazara. Ba su yi hasara ba, gama damina tana da tsawo, suna da lokacin yin sabon ganye su ci moriyarsa. Na can ba su da wannan lokaci. In da za su tsaya yin sabon ganye kowace shekara, da kafin su gama sanyi ya komo. Don haka su ke riƙe allurarsu shekaru da dama. Allurar ƙarama ce, tana da rufi kamar na kakin zuma, ba ta sakin ruwa sai kaɗan. Da zarar ƙanƙara ta narke, itacen ya kama aiki nan da nan. Siffarsa kuma mai tsini ce a sama, rassa sun sunkuya ƙasa kamar jinkar ɗaki, dusar ƙanƙara ta zame ba ta karya su ba.

Ko'ina akwai wanda ya saɓa wa 'yan'uwansa. A ƙasar Hausa gawo ne, mai zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. A can lac ne. Allura gare shi, amma yakan zubar da ita kowace kaka, shi ne kuwa ya mamaye gabashin Saberiya inda sanyi ya fi ko'ina.

An taɓa jarraba dangin itatuwan nan a Nijeriya. An dasa fain a Tudun Jos da Afaka kusa da Kaduna, amma irin na ƙasashen zafi na tsakiyar Amurka ne, ba na taiga ba. Da farko ma ya ƙi, sai da aka kawo ƙasa daga inda fain ya riga ya kama, domin akwai wani naman gwari ƙanƙane da ya ke zama a jikin saiwarsa yana taimakonsa cin abinci. Ƙasar Yawuri ta yi masa zafi da tsawon rani. Ba itacen da hakimi zai sa ransa a kai ba ne.

Inda arzikin ƙasa ya ke kwance

A nan ne bambanci mai amfani ya ke. A dajin sanyi allurar da ta faɗi takan yi shekaru ba ta ruɓe ba. Babu gara, sanyi kuma ya hana ƙananan halittu aiki. Sai ta yi ta taruwa, gansakuka ta rufe ta, a wuraren fadama ta zama baƙar ƙasa mai laushi mai zurfin gaba da yawa. Ƙarƙashin wannan shimfiɗa ƙasar fara ce kamar toka, mai tsami, ba ta da kyau ga noma. Abincin dajin a kwance ya ke a ƙasa, a kulle, yana fita kaɗan-kaɗan.

A ƙasar Ngaski ko Shanga ganyen da ya faɗi cikin Disamba ba ya ganin wata Disambar. Gara ta ci, wuta ta lashe, abin da ya rage damina ta ruɓar da shi. Ƙasa ba ta ajiya mai yawa. Arzikin yana jikin itacen da ke tsaye da saiwarsa, wadda ta ke nutsawa ta jawo abinci daga zurfi, ta mai da shi ganye, ganyen ya faɗo ya ciyar da gona. Kowane manomi ya san dawar da ke gindin gawo ta fi ta fili. Saboda haka idan aka tumɓuke itatuwan wuri ƙaf, gonar takan yi kyau 'yan shekaru, sa'an nan ta gaji, ruwan farkon damina ya kwashe fuskarta.

Amma Allah ya ba dajin nan wata baiwa da wancan ba shi da ita. Fain da sufurus in an sare su sun mutu ke nan, kututturen ba ya tohuwa. Sai an shuka iri, a jira shekara 80 ko 100 kafin a sami katako. Doka da taura da kalgo da sabara da kirya kuwa, in an sare su aka bar kututture da saiwa, sai su toho da ƙarfi, gama saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga ruwa. Rabin dajin yana ƙarƙashin ƙasa yana jira.

Mutanen Maraɗi sun ci amfanin wannan. Tun daga shekarun 1980 manomansu suka fara barin toho a gona lokacin sassabe. Daga kowane kututture sukan zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, su datse sauran. An ƙiyasta ta wannan hanya kadada kimanin miliyan 5 ta koma da itatuwa a jihohin Maraɗi da Damagaram, ba tare da rainon dashe ko ban ruwa ba. Ruwan Maraɗi kuwa wajen rabin na Yelwa ne.

Su ma mutanen arewa da doka suka gyara nasu. Suwidin ta ga dajinta yana ƙarewa, a shekarar 1903 ta kafa dokar da ta tilasta wa wanda ya sare daji ya mayar da shi. Daga shekarun 1920 zuwa yau yawan katakon da ke tsaye a ƙasar ya ninka, ko da ya ke ba a daina sara ba. Ana yi wa tsarin nasu suka, cewa dajin da aka dasa iri ɗaya ba ya riƙe tsuntsaye da namun da tsohon daji ya ke riƙewa, sukar kuwa tana da gaskiya. Duk da haka ƙasar ba ta zama fili ba.

Wuta

Dazukan biyu sun saba da wuta, amma ba iri ɗaya ba. A taiga wuri yakan yi shekara 50, ko 100, ko fiye, bai ƙone ba. Ran da tsawa ta kunna shi cikin watannin zafi, wutar takan hau har kan itatuwa ta cinye su duka. Akwai wani fain na Kanada da ƙwansonsa ya ke liƙe da ƙaro, ba ya buɗewa sai zafin wuta ya narkar da ƙaron, sa'an nan iri ya zuba a kan toka, sabon daji ya tashi.

Yanzu wannan tsari ya fara rikicewa. Arewacin duniya yana ɗumama fiye da ninki biyu na sauran duniya. Garin nan na Barkoyansk ya ga zafin digiri 38 cikin watan Yuni na 2020, kamar Yelwa da bazara. A 2023 wuta ta ci kadada kimanin miliyan 15 a Kanada, abin da ba a taɓa rubuta irinsa ba a ƙasar. Idan wuta ta komo wuri tun sababbin itatuwa ba su isa yin iri ba, dajin ba ya tashi. Ƙasa daskararriya kuma tana narkewa, ajiyar da ke cikinta tana ruɓewa, tana sakin iskar da ke ƙara wa duniya zafi. Wannan ya shafi kowa, har manomin albasa na bakin Kwara.

A ƙasar Yawuri wuta ta kusan kowace shekara ce, ciyawa kuma ta ke bi. Kaɗanya da ɗorawa da maje suna da ɓawo mai kauri, manyansu ba su cika mutuwa ba. Abin dubawa shi ne lokacin da aka sa ta. Wutar Nuwamba, sa'ad da gamba ta ke da sauran ɗanye, raɓa kuma tana sauka da dare, takan tafi a hankali, ta bar tsibi-tsibi ba ta taɓa ba, ta mutu da kanta. Wutar Fabrairu da Maris, bayan hunturu ya busar da kome, takan tashi sama da tsayin mutum. Ita ce mai kashe toho da ƙananan itatuwa, ta ƙone furen kaɗanya da na ɗorawa, ta kuma kama rumbuna. An gwada wannan tun 1929 a gandun dajin Olokemeji kusa da Ibadan. Aka raba fili uku, ɗaya ana ƙone shi da wuri, ɗaya a makare, ɗaya an hana shi wuta. Bayan shekaru, na makare itatuwansa suka ragu, na wuri ya riƙe nasa, wanda aka tsare kuwa ya koma kurmi. Can ya fi nan ruwa, ba za a ce sakamakon zai zo daidai wa daida ba, amma ko'ina aka gwada a ƙasashen ciyawa wutar makare ce mai ɓarna.

Baƙin da ke zuwa daga can

Namun dajin sanyi kowa da dabararsa. Beyar yakan shiga rami ya yi barci har sanyi ya wuce. Zomo yakan yi fari kamar ƙanƙara. Barewar ƙanƙara takan tona da kofato ta ci gansakuka. Tsuntsaye kuwa yawancinsu ƙaura su ke yi. Akwai wani shaho mai kamun kifi da ya ke ƙyanƙyasa a kan fain a Finlan da Suwidin. An ɗaura wa da yawa zobe a ƙafa, aka same su a kogunan Afirka ta Yamma. Shi da waɗansu agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa sukan iso da kaka, su koma da bazara. Masuncin da ya ga tsuntsu da zobe mai rubutu, ya kai wa malamin daji.

Gaɓar tafki

An fara gina madatsar Kainji a 1964, tafkin ya cika a 1968. Ruwa ya cinye tsohuwar Busa da tsibiran da Gungawa su ke zaune, aka ta da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin garuruwa. Kurmin bakin kogi, mai giyayya da kanya da ɗinya, ya nutse tare da su. Inda ba a sare ba itatuwa suka mutu a tsaye cikin ruwa, masu jirgi da masu koma sun san su. Mutanen da aka mayar tudu suka buɗe sababbin gonaki, yawan jama'a kuma ya yi ta ƙaruwa. Bukatar itace ta ƙaru ta kowace fuska: na girki, na bandar kifi, maɗaci da kawo don jirgi, kirya don gawayi da turmi. Makiyaya sukan sassare reshen kawo da madobiya da rani don shanu, wannan kuwa ba ya kashe itace in ba a wuce kima ba. Abin da ya yi wa madobiya illa a Nijeriya shi ne sarar da aka yi mata don kai wa ƙasar Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da duniya ta taƙaita cinikinsu daga 2017.

Tafkin yakan sauka da gaba da dama kowace shekara kafin sabon ruwa ya zo, a filin da ya janye a ke noman rani. Tudun da ke bayan wannan fili shi ne abin tsaro. Idan ya zama tsirara, ƙasarsa takan bi rafuka, irin su Malando, ta shiga tafki. Gona ta rasa, tafki kuma ya cika da laka.

Abin da a ke bukata ga hakimai

Hakimi ba shi da ikon ƙara ruwan sama, amma yana da murya a kan gatari da ashana. Ya kamata tun kafin a gama girbi ya tara dagatai da masu unguwa da ardo-ardo da sarkin mafarauta, tare da malamin daji na ƙaramar hukuma, a yanke ranar da za a sa wutar wuri, da ranar da daga ita ba wanda zai ƙara sa wuta. A share hanyar wuta kewaye da gari da rumbuna da gandun daji kafin ranar. Mafarauta da masu cire zuma su ne suka fi sa wutar makare, don haka a ji ta bakinsu a wurin taron, kada a yanke a bayansu.

Wajen sassabe, a gargaɗi manoma su bar kututture, kada su tara kara a kansa su ƙone shi. Kaɗanya takan yi shekara 15 ko 20 kafin ta fara 'ya'ya. Wanda ya mai da ita gawayi ya sayar da man shekaru masu yawa a kan kuɗin buhu kaɗan, man kuwa na matan gari ne. A bar itatuwan bakin rafi da na gangaren da ke fuskantar tafki.

Aikin malamin hakimi shi ne ajiye littafi. Ya rubuta ranar ruwan farko da ta ruwan ƙarshe a kowace shekara, da ranar da aka sa wuta a kowane yanki, da inda ta kuɓuce, da yawan motocin gawayi da suka fita daga gunduma a wata. Mutanen Kanada sun gane cewa zomo da muzurun dajin da ke cinsa suna yawaita su ragu kowace shekara goma ne daga littattafan 'yan kasuwar fata, waɗanda magatakarda suka yi ta cikawa ba su san amfanin da za su yi ba. A buɗe shafin kowace shekara da watan Afrilu, a rufe shi da ƙarshen Maris, a aika da kwafe ga majalisar masarauta a Yelwa.